Tafkin Chadi: Inda Ruwa Ya Tafi, Can Jama'a Suka Bi

Masu iya magana sun ce ruwa abokin aiki. A ƙasar Barno ma ya wuce nan, domin shi ne yakan yanka wa mutum inda zai kafa gida.

A shekarar 1963 faɗin Tafkin Chadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Akasarin ruwansa daga kudu yake zuwa ta kogin Shari, watau damina mai kyau a can ita ce cikar tafki a nan. Da aka yi babban fari na 1972 zuwa 1974, sai tafkin ya rabu biyu, kudu da arewa. Farin 1983 zuwa 1984 kuma ya ƙara tsananta al'amarin, har faɗinsa ya koma ƙasa da kashi ɗaya bisa goma.

To, masunci ba ya zama inda babu kifi. Masuntan Baga da kewaye, Hausawa da Barebari da sauransu, suka riƙa bin ruwa yana ja da baya, duk inda ya tsaya su kafa bukkoki. Manoma suka biyo sawunsu suna shuka masara da wake a kan laka mai albarka da tafkin ya bari, makiyaya kuma suka koro shanunsu saboda ɗanyar ciyawa.

Sannu a hankali wasu suka tsallake iyaka zuwa cikin Kamaru, suka zauna a Darak da ƙauyukan da ke kusa da shi. Hukumomin Nijeriya suka bi su da haraji da makarantu, abin ya zama rigima tsakanin ƙasashen biyu. A watan Oktoba na 2002 Kotun Duniya ta yanke hukunci cewa yankin na Kamaru ne, Nijeriya kuwa ta janye a watan Disamba na 2003. Mutanen da kifi ya kai su can suka wayi gari a ƙarƙashin wata tuta dabam.

Tun daga shekarun 1990 damina ta ɗan gyaru, ruwa ya dawo wasu sassan tafkin. Amma fa wajibi ne hukumomin ƙasashen da ke kewaye da shi su tuna cewa in fari ya sake komowa, talaka zai sake bin ruwa, ko da iyaka a gabansa. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.