Yadda Ake Gano Matsalar Boris Da Sitiyari A Tsofaffin Motocin Daji

MAIDUGURI: 'Yan kasuwa da dama sun dogara ga tsofaffin motoci ƙirar Land Cruiser da Hilux wajen jigilar kaya daga Maiduguri zuwa Monguno, Dikwa da Gamboru Ngala. Rairayi da taɓon damina kan kutsa cikin ƙafar gaba su gurɓata giris, har boris ya cinye.

Alamar farko ita ce gurnani mai ƙaruwa da gudu, wanda kan sauya idan an sha kwana. Bayan tafiya kuma, cibiyar ƙafar kan yi zafi fiye da 'yar'uwarta.

Domin tantancewa, a ɗaga motar da jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza. Idan ta yi lilo, galibi boris ne ya saki. Idan kuwa sai an kama ta hagu da dama take motsi, to a duba tayarod.

Faɗuwar darajar naira a 2023 ta ɗaga farashin kayan gyara, amma asarar sakaci ta fi yawa. Boris da ya ƙone kan cinye sandar ƙafa, har taya ta fice ana cikin tafiya da kaya.