Gaya, Garin Abagayawa da Tsofaffin Kukoki

Gaya tana gabashin Jihar Kano, kimanin kilomita 65 daga birni, a kan hanyar da ta ratsa Wudil ta nufi Dutse. Mai zuwa daga Kano sai ya haye gadar Wudil, daga nan gonakin gero da dawa da gyaɗa za su raka shi har cikin gari. Ajingi kuwa tana arewa da ita. A tsarin da gwamnatin jihar ta yi a 2024, ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu ne ke ƙarƙashin Masarautar Gaya, mai daraja ta biyu.

Girman garin bai kai girman sunansa a tarihi ba. Labarin da aka gada kaka da kakanni ya ce mazaunan farko na gindin Dutsen Dala maƙera ne, Abagayawa, waɗanda kakansu, wani mai suna Kano, ya taso daga Gaya neman tama. In an bi wannan ruwaya, Gaya uwa ce ga Kano, kuma mutanen garin ba sa wasa da wannan magana. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambaci zuwan Agalfati, Sarkin Gaya ɗan Sarkin Machina, a zamanin Sarkin Kano Yakubu (1452 zuwa 1463). Ya kuma kawo labarin Sarkin Gaya Farin Dutse, wanda ya yi tawaye a zamanin Sarki Dadi, ya hana haraji shekara uku, har aka yaudare shi aka kashe shi.

Baƙon da ke neman alamar wannan tsufa zai fi samunta a jikin itatuwa fiye da gine-gine, domin ginin ƙasa damina ke cinye shi. Kuka kan rayu fiye da shekara 1,000. Mutane suka fi yaɗa ta, saboda haka inda aka ga tsofaffin kukoki sun taru a fili, sau da yawa kufai ne. Ba a sare ta: ganyenta miya ne, ɓawonta igiya, garin 'ya'yanta abin sha, ga kuma tsohon imanin cewa iskoki na zama a cikinta, wanda ya kare kuka da tsamiya daga gatari fiye da kowace doka.  A ƙasar Gaya manomi ne mai tsaron itatuwa. Yakan bar ɗorawa don kalwa da daddawa, ya bar gawo domin yana zubar da ganye da damina, ba ya hana amfanin gona rana. Masu neman itacen girki da gawayi dai sun rage su sosai.

Lokacin kaka zuwa hunturu ya fi dacewa da ziyara, hanyoyin ƙauye sun bushe, zafi ya yi sauƙi. Wanda zai shiga ƙauyuka yakan fara gaida dagaci ko mai unguwa, shi zai haɗa shi da dattijon da ya san kufai da labarinsu. Kowace kuka a gona tana da mai ita, ba a ɗibar ganye ko 'ya'ya sai da izini.