Masu Auna Ƙwaƙwalwa: Karatu Da Aiki Tare

Wanda ya bugu a ka cikin haɗarin mota, ko jikinsa ya shanye, yakan tashi amma mantuwa ta dame shi. Akwai masanan da aikinsu ke nan, watau auna tunani da magana don gane inda ƙwaƙwalwa ta taɓu. A Amurka, taron Houston na 1997 ya tsara cewa bayan digirin dokta sai mutum ya ƙara shekara 2, yana duba majiyyata, yana kuma bincike.

An ga amfanin irin wannan bincike a Badun. A 1992 Farfesa Osuntokun da abokan aikinsa suka fara auna tsofaffi da tambayoyin da ko wanda bai yi boko ba zai iya amsawa. Saboda haka jama'ar Sabo, in tsoho ya fara ruɗewa, a kai shi asibiti tun da wuri.