Yadda ake zaɓar tayar keken hawan dutse

Keken hawan dutse, komai tsadarsa, taya ce ke haɗa shi da ƙasa. Don haka kafin ka saya, duba lambar da ke rubuce a gefenta. Idan ka ga 29 x 2.4, girman da'irar inci 29 ne, faɗinta kuma inci 2.4. Girman da aka fi samu su ne 26, 27.5 da 29, kuma dole ya yi daidai da rim ɗinka.

Sai haƙoran taya. A busasshiyar hanyar burji, ƙananan haƙora masu kusa da juna sun fi gudu. A cikin taɓo kuwa, dogaye masu tazara ake so, domin laka ta riƙa zubewa maimakon ta toshe su. Haƙoran gefe su ke riƙe ka a kwana, shi ya sa mahaya ke sa mai kamun ƙasa sosai, irin Maxxis Minion DHF, a gaba, mai saurin mirginawa kuma a baya.

Inda duwatsu ke da kaifi, kamar tsaunukan Jos, nemi mai kaurin gefe. Inda tsidau da ƙaya suka yi yawa, taya marar tif ta fi: ruwan gam da ake zubawa a cikinta yana toshe ƙananan huji nan take.

Kada ka cika iska ta yi tauri. Marar tif takan wadatu da iska mai awon PSI 20 zuwa 30, gwargwadon nauyin mahayi.