Majami'ar Ƙasa ta Wusasa: Yadda Aka Fara, Yadda Ta Tsaya

Yau za mu waiwayi tarihin wata ikkilisiya ta ƙasar Hausa, wato ta Wusasa, kusa da birnin Zariya, da kuma majami'arta ta Bartalamawas Mai Tsarki wadda aka gina da jar ƙasa. Da yawa cikinmu mun san sunan wurin, amma kaɗan ne suka san wahalar da aka sha kafin a aza tubali na fari.

Labarin ya soma a 1900. A shekarar nan ne Bishop Tugwell na mishan ɗin C.M.S. ya jagoranci wata 'yar ƙungiya zuwa Kano. A cikinsu akwai wani saurayi likita, Walter Miller, wanda ya riga ya je Tarabulus ya koyi Hausa. Sarkin Kano Alu bai yarda su zauna ba, sai suka komo Girku a ƙasar Zazzau. A can ɗaya daga cikinsu ya rasu, sauran kuma ciwo ya raunana su. A idon mutum, tafiyar ta faɗi ke nan. Amma a 1905 Likita Miller ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya. Ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta, yana kuma juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa. Shekaru suka yi ta wucewa, masu bi kuwa ba su fi a ƙidaya da yatsu ba.

Ashe Allah ya riga ya shirya waɗansu mutane a wani wuri dabam. Tun zamanin Sarkin Kano Abdullahi, an yi wani malami mai suna Ibrahim, wanda cikin karatunsa ya ga girman Annabi Isa, ya dinga koya wa almajiransa su ɗaukaka shi. Saboda wannan koyarwa aka kashe shi a Kano, almajiransa suka watsu, waɗansu suka nufi wajen Ningi. Su ne ake kira Isawa. Ba su da Linjila a hannu, amma sun riƙe begen cewa wata rana za a kawo musu cikakken labarin Isa. A 1913 waɗansu daga cikinsu suka iske Likita Miller a Zariya, suka ji bishara, suka koma suka faɗa wa danginsu.

Daga nan aka kafa ƙauyen masu bi a Gimi, inda wani fasto baƙar fata mai suna Thompson, mutumin tsibiran Karebiyan, ya yi kiwonsu. Suka yi gonaki, suka gina ɗakin sujada, yara suka shiga makaranta. Sai dai wurin yana da ƙudan tsando, wanda cizonsa ke kawo ciwon barci. A lokacin ba a da magani mai ƙarfi kamar na yanzu. Cikin 'yan shekaru ciwon ya cinye mutane da yawa, manya da yara, har ƙauyen ya watse. Waɗanda suka tsira, da marayun da aka bari, suka komo Zariya. Ku lura, 'yan'uwa: ɗakin sujada na Gimi ya rushe, amma ikkilisiyar ba ta mutu ba, gama ikkilisiya mutane ce.

A 1929 mishan ya tashi daga cikin birni ya koma Wusasa, a gindin dutse, bayan ganuwa. Hukumar mulkin mallaka da fadar Zazzau sun daɗe suna son a fitar da mishan daga birni. Likita Miller bai so tashin ba, daga baya ma ya koma Kano da zama. Fasto Guy Bullen ne ya jagoranci sabon mazaunin. A nan aka kafa makaranta, da asibitin Luka Mai Tsarki, da majami'a.

To, wane irin gini suka yi? Ba su kwaikwayi majami'un Ingila ba. Suka kira magina Hausawa, suka yi gini irin na ƙasar. Zazzau kuwa ta shahara da gwanayen gini tun zamanin Babban Gwani Mika'ilu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya. Ga yadda irin wannan gini yake. A kwaɓa ƙasa da ciyawa, a tattake, a bar ta ta ruɓa, sa'an nan a mulmula tubali da hannu a shanya. A jera tubalin, bango ya yi kauri a ƙasa, yana raguwa zuwa sama. Domin a rufe babban ɗaki, sai a ɗaura azara, wato tsagaggen itacen giginya wanda gara ba ta cika ci ba, ana jera ta tana miƙowa kaɗan kaɗan daga bango har ta haɗu a sama ta zama baka. A kan bakunan nan rufin ke zaune. Kaurin bangon yana tsare zafin rana, shi ya sa cikin ɗakin ke da sanyi ko a watan bazara. Manomi ko ɗan kasuwa da ya shiga ba ya jin ya shiga gidan baƙi. A 1932 kuma aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa, sai Maganar Allah da ɗakin sujada duka biyu suka zama na gida.

Daga wannan ƙaramar jama'a Allah ya fitar da mutanen da suka yi wa ƙasa hidima. Likita Barau Dikko, ɗan Arewa na fari da ya zama likitan zamani, a hannun mishan ɗin nan ya taso. Haka Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Janar Yakubu Gowon ma a Wusasa ya girma, inda mahaifinsa ya yi aikin bishara.

Sai dai ginin ƙasa yana da sharaɗi guda. Ba a gama shi a juya masa baya. Damina tana zaizaye bango, indararo yana toshewa, ƙaramar tsaga tana shan ruwa. In ba a yi yaɓe a kan kari ba, ginin da ya yi shekara hamsin yana iya zubewa a dare ɗaya. Majami'ar da ta daɗe a tsaye, hannuwa da yawa ne suka riƙe ta, tsara bayan tsara. Manzo Bitrus, cikin wasiƙarsa ta fari sura ta 2, ya kwatanta masu bi da duwatsu masu rai waɗanda ake gina gida da su. Ginin nan ma yana bukatar yaɓe: addu'a, koyar da yara, ziyarar marasa lafiya, sulhu tsakanin waɗanda suka ɓata.

Saboda haka ina roƙonku abu ɗaya. Kowace ikkilisiya a ƙauyukanmu tana da nata masu farawa: wanda ya ba da fili, matan da suka ɗebo ruwan kwaɓi, mai bishara da ya zo a ƙafa. Dattawan da suka san sunayensu suna ƙarewa. Ku zauna da su tun suna da rai, ku rubuta abin da suka faɗa, ku karanta wa matasa ranar godiya. In kuwa kuna shirin sabon gini na siminti da kwano, kada ku yi garajen rushe tsohon ɗakin da iyayenku suka durƙusa a ciki.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, mun gode maka domin waɗanda suka riga mu, suka yi shuka da hawaye a Girku da Gimi da Wusasa. Ka ba mu aminci mu riƙe abin da suka bar mana, mu miƙa wa 'ya'yanmu. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.