Kafin a Shafe Ɗaki a Mai Wurno

A Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa kusa da Sinnar bayan yaƙin Burmi na 1903, gyaran ɗaki ba ya farawa da sayen fenti. Baƙar lakar yankin takan kumbura da damina, ta dare da rani, bango kuma ya tsage. Saboda haka abin da maigida ke fara tarawa shi ne ƙasa da ƙaiƙayi da kashin dabbobi na yaɓe, wanda mutanen Sudan ke kira zibala.

Muna tuna wannan ne domin 'yan'uwanmu na Jazira da Sinnar da yaƙin 2023 ya raba da gidajensu, suka komo da ɗan guzuri, suka tarar ɗakuna sun sha ruwa ba mai kula.

Bayan yaɓe ya bushe sai farar ƙasa, wato jir. Ana jiƙa ta a ganga tun kwana biyu kafin aiki. Tana tafasa da kanta, tana ƙona fata da ido, don haka a nisanta yara. Sai a tace da buhu, a zuba gishiri don ta kama, da ɗan shuɗi don ta yi haske. Bokiti da burushin kaba sun wadatar. Tsani kuwa, a gidan maƙwabci ake aro.

Fentin mai a bar wa ƙofa da taga. A bangon ƙasa yana tsare danshi, ya ɓare, kuɗin ya tafi a banza.