Yadda ake bin sawun mahaukaciyar guguwa kafin ta iso gaɓa

Hadarin da ke haɗowa daga gabas a watan Agusta, ya zubar da ruwa a Maiduguri ko Damagaram ya wuce yamma, ba kullum yake ƙarewa a Afirka ba. Duk bayan kwana uku zuwa biyar a tsakiyar damina, wani curin iska mai ɗauke da hadari yakan ratso Sahel daga wajen Sudan da Chadi, ya faɗa tekun Atilantika ta gaɓar Senegal. Galibinsu watsewa suke yi a kan teku. Kaɗan ne ke rayuwa, amma daga cikin waɗannan kaɗan ɗin ake samun mafi yawan manyan guguwar da ke rusa tsibiran Karebiyan da kudancin Amurka.

Ɗaya daga cikinsu ta bar gaɓar Afirka a ranar 27 ga Agustan 2017. Bayan kwana uku, a yamma da tsibiran Cape Verde, aka raɗa mata suna Irma.

Abincin irin wannan guguwa ruwan teku ne mai ɗumi, wanda zafinsa ya kai digiri 26 da rabi ko fiye. Tururi yana tashi sama, ya zama girgije, ya saki zafi, zafin ya ƙara jawo iska daga kowane gefe. Juyawar duniya kuma ta sa iskar ta riƙa kewayawa maimakon ta tafi miƙe. Idan abin ya kankama, sai rami ya buɗe a tsakiya, wanda ake kira ido. A cikin idon shiru ne, har akan ga rana ko taurari. Amma katangar girgijen da ta kewaye shi nan ne iska ta fi hauka. Mutane sun sha fitowa daga maɓoya suna zaton an gama, ashe rabi ne ya wuce, sauran rabin na tafe daga ɗaya ɓangaren.

Masu sa ido a kan duk wannan suna birnin Miami, a Cibiyar Kula da Guguwa ta Amurka. Tauraron ɗan'adam da ke tsaye a nisan kilomita kusan 36,000 yana aiko musu da hotuna dare da rana. Sai dai hoto saman girgije kawai yake nunawa. Don a san abin da ke ciki, dole wani ya shiga. Akwai rundunar sojan sama a Biloxi ta jihar Mississippi da aikinta ke nan: su tuƙa jirgi su keta katangar, su shiga ido, su fita ta ɗaya gefen, su sake dawowa. Suna tafe suna sako wasu ƙananan na'urori masu lema, waɗanda ke auna gudun iska da danshi da zafi da nauyin iska har su faɗa ruwa. Nauyin iskar nan shi ne babbar alama, domin duk lokacin da ya ragu a tsakiya, guguwar ƙarfi take ƙarawa. Ni dai ban san aikin kimiyya da ya fi wannan buƙatar ƙarfin zuciya ba.

Bayanan da aka tattaro ana zuba su cikin manyan kwamfutoci na Amurka da na Turai, su lissafa inda iskar sama za ta tura guguwar. Ba sau ɗaya ake lissafin ba. Akan maimaita shi sau da dama, kowane karo a ɗan sauya alƙaluman farko. In amsoshin sun taru wuri guda, masana sukan sami natsuwa. In sun warwatsu, sai su fito su ce hanyar ba ta tabbata ba. Duk bayan sa'a shida cibiyar tana fitar da sabuwar sanarwa.

A nan ne mutane suka fi kuskure. Taswirar da ake nunawa a talabijin tana da wani zane mai kama da mazurari, siriri a inda guguwar take, yana faɗi yana tafiya har kwana biyar gaba. Wannan zane ba girman guguwar ba ne. Yanki ne da ake sa ran tsakiyarta za ta bi, an kuma auna faɗinsa ne da kurakuran hasashen shekara biyar da suka gabata, ta yadda sau biyu cikin uku tsakiyar takan zauna a ciki. Sau ɗaya cikin uku ke nan takan fita. Iska da ruwa kuwa suna kaiwa nesa da zanen ƙwarai. Lokacin Irma, kwanaki ana ganin layin tsakiya ya nufi Miami, har wasu suka kwashi iyali suka gudu gaɓar yamma ta jihar Florida. A ranar 10 ga Satumba guguwar ta ratsa tsibiran Keys ta sauka a Marco Island, a gaɓar yamman da suka fake. Wurin yana cikin mazurarin tun farko. Layin aka zuba wa ido, aka manta da faɗin. Mutane fiye da miliyan 6 aka umarta su bar gidajensu a jihar.

Ƙarfin iskar mataki biyar ne a ma'aunin Saffir da Simpson. Na farko yana farawa daga gudun kilomita 119 a sa'a, na uku daga 178, na biyar daga 252. Abin da alƙaluman ke ɓoyewa shi ne, idan gudu ya ninka biyu, bugun da iska ke yi wa bango ninki huɗu yake zama. Idan ya ninka uku, bugun ya zama ninki tara. Irma ta kai 285 a daren da ta bi ta kan tsibirin Barbuda, ranar 6 ga Satumba. Iska a wannan gudu ba kwanon rufi kawai take ɗauka ba, katako da ƙarfe da kwantena duk makami suke zama. Kusan gine-gine tara cikin goma sun lalace, daga baya aka kwashe mutanen tsibirin kaf zuwa Antigua.

Hasashen hanya ya inganta matuƙa a shekaru talatin ɗin nan. Na ƙarfi ne har yanzu yake ba masana wahala. A Oktoban 2023, guguwar Otis ta tashi daga ƙaramar iska ta kai mataki na biyar cikin kwana ɗaya kacal, ta auka wa Acapulco na ƙasar Meziko ranar 25 ga wata, alhali kwamfutoci ba su hango haka ba. Shi ya sa jami'ai ke cewa a yi shirin mataki ɗaya sama da wanda aka sanar.

Matakin kuma iska kaɗai yake aunawa, ba ya faɗin komai game da ruwa, wanda shi ya fi kisa. Guguwa tana turo teku gaba kamar yadda ake turo ruwa da tsintsiya, ya hau tudu ya shiga gari. A 2005 Katrina ta sauka a mataki na uku ne, amma tekun ya tashi sama da mita 8 a gaɓar Mississippi, a New Orleans kuma katangun tare ruwa suka ɓalle. Saboda haka ake fitar da sanarwar zama cikin shiri sa'a 48 kafin iskar ta fara, gargaɗi na gaske kuma sa'a 36, domin wanda ke zaune a kwari ya sami lokacin hawa tudu kafin hanyoyi su cika da ruwa.

Sunan Irma ba za a sake amfani da shi ba. Hukumar Yanayi ta Duniya takan cire sunan duk guguwar da ta yi mummunar ɓarna, shi ya sa ta maye gurbin Irma da Idalia. Ita ma Idalia ta sauka a Florida ranar 30 ga Agustan 2023.